Tabon Maiƙo da Likitocinsa

Miyar manja ta ɗiga a farar shaddarka, ka cusa ta ƙasan akwati, ka manta har wata Sallar ta zagayo. Ranar da ka ɗauko ta za ka san unguwarku cike take da likitoci.

Sarkin Gaggawa ne kan fara zuwa. Ya jiƙa wurin, ya ɗan murza, ya ɗora dutsen guga. Zafi kuwa dafa maiƙo yake yi a cikin zare, sai ka ga tabon da ya zo baƙunta ya kafa bukka.

Sai Hajiya Kananzir. Ba ƙarya take yi ba, kananzir na narkar da maiƙo, har da baƙin man inji. Abin da ba ta gaya maka ba shi ne tabo mai faɗin kwabo zai koma faɗin faifai, kuma wanki uku ba ya korar warin. Ka shiga sahun Juma'a, na damanka na shinshina, na hagunka na waige-waige ko risho ne ya kife a masallaci. Ƙanwarta ita ce mai Hypo, wadda ke tsiyaya shi a kan atamfa. Launi ya tafi, fure ya tafi, maiƙo na nan daram.

Akwai mai ƙarfi, wanda ke dirza da buroshi har yadin ya huje, ya ɗaga rigar ya leƙo ka ta ramin ya ce, "Ai ga shi ya fita."

Mai wanki da guga maganarsa ɗaya ce: "Wallahi Alhaji, da shi ta zo." Yau dai gaskiyarsa.

Ni dai gwanin ɓoyo ne ke burge ni. Bai wanke ba, bai nemi shawara ba. Ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa daidai inda zai rufe abin, ya wuni a wurin ɗaurin aure yana tafiya a karkace kamar kaguwa, yana gaisawa ba ya ɗaga hannu. Mutane su ce ƙasaita ce. Wani kuma zuciya yake yi, ya kai rigar marinar Ƙofar Mata a Kano. Baba ba ya kama inda maiƙo yake, sai riga ta dawo shuɗiya, tabon na tsakiya kamar wata a daren sha huɗu.

Kaka ba ta jayayya da kowa. Ta goga sabulun salo a wurin tun yana bushe, ta bar shi ya kwana, ta wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ta shanya a tsakar rana, don rana na cinye jan manja. Bai fita ba, ta maimaita, guga kuma sai bayan ya fita. Kwana uku ta miƙo maka rigar fes, ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya aike ka cin tuwo da kayan Sallah?"