Masu Sauya Shokazobar Gaba

Da damina ta kankama, hanyoyin ƙauye suka koma kwazazzabai, garejin masu gyaran babur kan cika da mutanen da suka yanke hukunci tun daga gida cewa laifin shokazobar gaba ne. Ba za ka ji wanda ya ce gudu ya yi masa yawa ba. Kowa so yake a cire ƙafafun shokazobar da kamfani ya sa, a ɗora masa na babur ɗin daji. Zauna a bencin bakanike wuni guda ka sha kallo.

Wanda ya fi sammako shi ne mai son tsawo, kuma sau da yawa gajere ne. Boxer gare shi, amma ya hango Yamaha DT a hannun wani ma'aikacin daji, barci ya ƙaurace masa. Bakanike zai ce, "Malam, tayar gaban DT inci 21 ce, taka 17." Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Oga, kai dai ɗora." A ɗora. Gaban babur ya ɗaga sama, jak ɗin gefe ya gajarce, sai ya riƙa yawo da dutse a aljihu don ya samu abin tokarewa in zai ajiye. Wayar birki ma ba ta ƙara tsawo don ganin girmansa ba, saboda haka duk sanda gaban ya miƙe a kan tudu, birki ya kama da kansa. In ya tsaya a mararraba, babban yatsa ɗaya ne ke taɓa ƙasa, amma fuskar nan a ɗaure, don kada wani ya tambaye shi.

Sai Alhaji Duk-ƙarfe-ne. Shi ba ya sayen sabo, yana ganin almubazzaranci ne. Ya zagaya Ƙofar Ruwa ko Panteka, ya dawo da ƙafafu biyu a buhu, ɗaya daga wannan babur, ɗaya daga wancan. A auna kauri a ga ɗaya milimita 27, ɗaya 31, maƙallin sitiyari kuma ba zai karɓi duka biyun ba. Alhaji bai ga matsala ba. "Yaro, yanko gwangwanin madara ka cusa wa siririyar. Mai kaurin kuma a kai wa mai walda." Babur ɗinsa daga ranar ba ya sake tafiya a miƙe. In ka hango shi daga nesa sai ka rantse kwana zai sha, alhali gida ya nufa kai tsaye. Kuɗin da ya kashe wajen walda da sauya boris ɗin wuya sun sayi sabuwa, sai dai wannan lissafi ba a yinsa a gaban Alhaji.

Akwai mai baƙin mai. A wajensa mai mai ne, abin da ya rage a galan bayan juyen inji shi zai ɗura, ƙafar dama har wuya, ta hagu da ƙiyasin ido. Ai dole ma'aunin ya zama ɗaya a ƙafafun biyu, kuma in ya cika babu sauran iskar da za ta matsu, sai ƙafar ta sandare, robar bakinta ta fara hawaye. Maganinsa tsumma. Ya ɗaure, tsumman ya jiƙe, ya ƙara wani a kai, man na gangarawa sannu a hankali zuwa birki.

Wanda ya fi ba bakanike ciwon kai shi ne ɗan YouTube. Da waya a hannu yake zuwa, yana nuna wa mutumin da ya shekara ashirin da sifana yadda ake riƙe sifana. Ya haddace tarihin tseren Paris zuwa Dakar, ya san cewa a 1979 Cyril Neveu ya ci na farko a kan Yamaha XT500, ya san 'yan tseren sun bi ta Agadas. Shokazoba mai kifaffen kai yake so, wadda kaurinta ke sama, siririnta a ƙasa, kuma lallai ruwan zinariya. Abin haushin, yawancin abin da yake faɗa gaskiya ne: irin wannan ƙafar ta fi ƙarfi, kuma ta babur ɗin tsere tana nutsewa kusan milimita 300, fiye da ninki biyu na ta ɗan acaɓa. Sai dai tun da aka ɗora masa, babur ɗin bai taɓa sauka daga kwalta ba. In aka yi yayyafi ma, Napep yake hawa, kada laka ta taɓa zinariya.

Mai lodi ba ya ɗaukar lokaci. Buhun masara biyu a baya, uwargida a kan buhu, kaji a rataye. Ƙorafinsa wai gaba ya yi sakayau, taya ba ta kama ƙasa. A ce masa nauyin a baya yake, ya ce ba a haka kakansa ya san jaki ba.

Kada a manta 'yan benci, waɗanda ko keke ba su da shi. Su ne ke cewa a jefa kwandala biyar a kan sifirin don ya yi tauri, su ne kuma na farkon cewa "ai na faɗa" in mai babur ya dawo da gwiwa a kuje.

Can da la'asar wani dattijo malamin gona kan zo, ya sauke gaban babur sukutum: ƙafafu biyu na gida ɗaya, maƙallansu na sama da ƙasa, ƙarfen tsakiyar taya, wili da birkinsa, har da doguwar waya. Ya riga ya auna wuyan babur ɗinsa da tef, ya rubuta a bayan takardar taki. In an gama ya hau, ya sa yaro ya duba ko gaban ya nutse kamar kashi ɗaya cikin uku, ya biya, ya tafi. 'Yan benci ba sa ƙaunarsa ko kaɗan, bakanike ma ba ya sake ganinsa sai baɗi.