Ƙa'idojin Cin Abinci a Rumfar Unguwa: Jagora ga Mai Son Ƙoshi da Mutunci

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, tana ratsa Gidan Rumji kafin ta iso Maraɗi, sannan ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa ta wuce Tasawa, kuma a kowane ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa akwai wata cibiya da ba ta da allon suna, amma babu ɗan unguwar da zai ɓata hanyarta ko da cikin duhu. Wannan cibiya ita ce rumfar mai abinci, wato inuwar zana ko ta kwano mai benci biyu da manyan tukwane da butar wanke hannu, ƙarƙashin mulkin wata baiwar Allah da ake kira Hajiya ko Inna gwargwadon shekarunta da girman tukunyarta. Da yake jama'a da dama suna shiga wurin babu ilimi, su fito da yunwa ko da kunya, ya wajaba a tattara ƙa'idojinsa domin amfanin masu tasowa.

Zaɓen rumfa da wurin zama

Hujja mafi ƙarfi a kan ingancin rumfa ita ce yawan baburan 'yan kabu-kabu, wato masu haya da babur, da motocin tasha da ke tsaye a gabanta, domin direba yana iya yin kuskure a kan hanya, amma ba a taɓa jin ya yi kuskure a kan miya ba. Hujja ta biyu hanci ne ke kawo ta: miyar kuka ko ta kuɓewa da aka ƙulla da daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, tana sanar da kanta tun daga bakin titi. Idan an samu rumfar, ya kamata mai hankali ya guji ƙarshen benci, saboda da zarar na ɗaya gefen ya ƙoshi ya miƙe babu sanarwa, benci zai ɗaga, a wayi gari mutum da tuwo da miya duk suna ƙasa, labarin kuma ya riga shi isa gida.

Lissafin kuɗi

A wannan yanki ba a ƙidaya sefa ɗaya-ɗaya, ana ƙidaya ne da dala, kuma dala guda sefa 5 ce, saboda haka dala 20 ita ce sefa 100, dala 100 kuwa sefa 500, yayin da jika take nufin sefa 1,000. Baƙon da ya ƙetaro daga Jibiya ko Katsina, ya ji an ce abincinsa na ɗari ne, ya miƙa ƙwandalar sefa 100 yana murna da arahar Nijar, zai ga Hajiya ta riƙe hannunta a buɗe tana kallonsa har sai lissafi ya shige shi. Haka kuma babban laifi ne a zo da takardar jika goma da sassafe don cin ƙosai da koko, domin a lokacin babu canji a duk faɗin gundumar, sai dai mai kuɗin ya zauna jingina har hantsi.

Ilimin gyara

Gyara ita ce ɗan ƙarin da mai sayarwa take ɗorawa bayan ta auna abin da aka biya, kuma ba ta cikin haƙƙi, tana cikin alfarma, shi ya sa ake nemanta da siyasa. Gwani ba ya buɗe baki da zancen abinci, yakan fara da "Inna, ina kwana, ina gajiya, yaya jikin ɗan autanmu?", ya saurari amsar har ƙarshenta ko da shinkafa da wake na hucewa. Idan aka zo zubawa sai ya riƙe kwano ƙasa-ƙasa, ya kau da kai kamar wani abu ya ɗauke masa hankali, kada ya janye hannu sai ludayi ya koma tukunya sau biyu. In hakan bai yi ba, akwai kalma ta ƙarshe, "Hajiya, a taɓa mana mai", wadda ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa don kada na baya su ji su ma su nema.

Dole ne ɗalibin wannan fanni ya san yanayi. Da kaka, lokacin da aka sare hatsi aka tsinke wake, kasuwannin Cadawa da Agye suka cika da aya da gyaɗa, hannun mai abinci a sake yake. Da damina kuwa, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, farashi ba ya motsi amma malmalar tuwo tana ramewa a hankali. An ga irin wannan rama bayan rufe iyakar Najeriya a 2023, lokacin da shinkafa ta yi tsada, kuma masu lura sun tabbatar da cewa ko da aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024, ba kowace malmala ce ta ji labari ba.

Bismilla da haɗarinta

Al'ada ta wajabta wa mai cin abinci ya ce "Malam, bismilla" ga duk wanda ya yi sallama, ta kuma wajabta wa wanda aka gayyata ya ce "Alhamdu lillahi, yanzu na tashi daga kai", ko da rabonsa da abinci tun jiya. Tsarin yana tafiya lafiya muddin kowa ya riƙe rawarsa, sai dai akwai mutum guda da doka ba ta hau kansa ba, shi ne abokin wasa. Wasan taubasantaka, wato zolayar da ke tsakanin 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji ko tsakanin wasu ƙabilu, wanda hukumar UNESCO ta sanya a jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014, ya ba Bazabarmen da aiki ya kawo Tibiri, mazaunin sarautar Gobir, izinin wanke hannu ya faɗa kwanon Bagobiri, ya cinye naman, sannan ya kushe miyar. Maganin wannan musiba guda ɗaya ne: a fara da nama, a yi bismilla daga baya.

Kiyaye harshe daga santi

Santi shi ne maganar da daɗin abinci ke fizgowa daga bakin mutum ba tare da shawarar hankalinsa ba, kamar a ji magidanci yana tsakiyar dambu da zogale ya ce gobe zai sayi jar akuya biyu, alhali kowa ya san ko igiya ba shi da ita. Tun da rumfa ita ce majalisar unguwa, inda ake yanke farashin aya, a naɗa ministoci a sauke su, a kuma ɗaura auren da iyayen yara ba su ma ji ba, duk abin da aka faɗa cikin santi yana da shaidu. Saboda haka mai mutunci ba ya tsoma baki a muhawara sai ya wanke hannu.

Bashi

Masu magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a rumfa ake ganin gaskiyar zancen, inda "Inna, a rubuta" ta zama hanyar biya ta uku bayan sefa da naira, ko da yake littafin da ake rubutawa yana cikin kan Inna ne, kuma shafinsa ba ya yagewa. Ma'aikaci yana biya a ƙarshen wata, manomi sai ya sayar da wake, ɗan ci-rani kuwa, wato wanda ke tafiya neman kuɗi bayan girbi, sai ya dawo gab da shuka. Ƙa'idar ita ce wanda ake bi ya ci gaba da zuwa kullum yana gaisuwa, domin laifin da ba a yafewa shi ne a gan shi da kuɗi a hannu a rumfar wata, labarin da 'yar talla za ta kawo kafin ya haɗiye lomar farko. Ita ma Innar, mai hatsi yana bin ta, mahauci da mai itace suna bin ta, ga zubin adashe yana jira, don haka kwanon da aka ci bashi rabin unguwa ne suka ɗauki nauyinsa.

Wanda ya kiyaye waɗannan ƙa'idoji zai kai matsayin ɗan gida, a riƙa ajiye masa ƙanzo, a aika yaro dubiya ranar da ba a gan shi ba. Sai dai ya kamata ya sani cewa ranar da Inna za ta aurar da 'yarta, goron gayyata zai fara sauka ne a hannun waɗanda suka fi cin gyara, kuma gudummawar da za a sa ran gani daga gare su ta ninka duk man da aka taɓa musu. Kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci, kuma idan aka yi lissafi na adalci, direban da ya tsaya sau ɗaya ya biya ya wuce Tasawa shi ne ya ci da araha.