Wa Ya Yi Wa Duniya Darni?

Mutanen majalisar Yalwan Damai, labari ya iso mini. Wai tun da na ce rana ma tana busa iska, kuke ta shewa a teburin mai shayi, har wani dattijo ya ce boko ya taɓa min kai. Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma ina nan a kan bakana.

Rana kullum tana feso ƙwayoyi masu caji, gudunsu wajen kilomita 400 a daƙiƙa guda. Kafin direban Birnin Kudu ya ce bismilla, sun je Kano sun dawo. Kun ce to me ya sa ba su yaye mana jinka ba? Ai gona mai darni ba ta tsoron akuya. Can ƙasa, zurfin kilomita 2,900, narkakken ƙarfe ne ke juyawa, shi ya mai da duniya ƙaton maganaɗisu. Ƙarfinsa na tare iskar rana tun daga nisan kilomita dubu sittin da wani abu, ya karkatar da ita gefe.

Duniyar Mars darninta ya faɗi shekaru kusan biliyan 4 da suka wuce. Kumbon MAVEN na hukumar NASA ya auna, a 2015 aka sanar: giram 100 na iskarta ke zurarewa kowace daƙiƙa. Bai kai gwangwanin gero ba, ko? Ku bar ɓera da rumbu shekara biliyan ku gani. Yau nauyin iskarta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba.

Ɗan sakandaren cikinku zai ce Zara matar wata ba ta da darnin, ga iskarta jingim. Yaro, ka iya! Nauyin duniya ma yana riƙe iska, masana na kan tantance rabon kowanne.

Darninmu ma yakan girgiza. Ranar 13 ga Maris 1989 guguwar rana ta ɗauke wutar Kwibek a Kanada awa 9, suna ta ba da labari har yau. Mu da awa 9 ko tsaki ba ma yi.

Baba, ran da ka yi baƙunta a Gwaram ka ciro waya neman alƙibla, kibiyar nan da ke juyawa maganaɗisun da kake musu take bi. Kuɗin shayin gobe a wuyanka yake.