Fasto Ma Yana Shan Maganin Hawan Jini

Na san abin da za ku ce: "Kai malam, daga Yasore za ka kawo mana zancen coci? Ka ɓata hanya ne?" To ku saurara. Katsinar nan tana da Hausawa Kiristoci birjik a Malumfashi da Kafur, har a 2023 Fafaroma Francis ya naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop ɗin Katsina na farko. Kuma 'yan bindigar dajin Rugu ba sa tambayar inda mutum yake ibada kafin su raba shi da barci.

Ku dubi matar da ta kwana a daji da goyo a baya, irin daren da aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020. Ta dawo gida ba ko ƙwarzane, amma da ta ji ƙarar babur sai ludayi ya suɓuce mata. Ba ci, ba hira. A Batsari ko Safana a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. In 'yar coci ce, a ce bangaskiyarta ta yi sanyi, a ɗora mata azumin kwana uku. 'Yan zumuntar mata su zo da anko, su rera waƙa har da hawaye, su koma gida su ja kunnen 'ya'yansu maza: kada wanda ya nemi aure a gidan nan.

"Wato mu daina addu'a?" Haba, wa ya ce? Addu'a da likita ai ba kishiyoyi ba ne. Dattijon da ya fi kowa ɗaga murya a kan aljanu, ku leƙa aljihun rigarsa: ƙwayar hawan jini ce, bai taɓa tsallake ta ba, ba kuma wanda ya ce ya raina ikon Ubangiji. Annabi Iliya ma da ya gaji har ya roƙi mutuwa, mala'ika abinci da ruwa ya kawo masa, ya bar shi ya yi barci.

Ku kuma 'yan uwa Musulmi da kuke murmushi, ku ɗan rage. An manta gidajen marin da 'yan sanda suka fasa a Daura da Katsina a Oktoban 2019? A shekarar nan Human Rights Watch ta tarar da masu taɓin hankali ɗaure da sarƙa a wuraren malamai da na fastoci, har da asibitocin gwamnati. Kowa da kashi a gindinsa.

Najeriya ta yar da dokar mahaukata ta 1958, an sa hannu a kan sabuwa a 2023. Mu ne har yau "a kai shi Dawanau" take zagi a bakinmu. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ɗin, da Kware, da Barnawa a Kaduna. Ku kai baiwar Allahn nan da ta kwana a daji su duba ta, addu'ar ku riƙa yi a cikin mota.