Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kaka Aska: Ba da Ke Za a Hau Jirgi Ba

Daga Urafane, jihar Maradi,
zuwa ga Kaka Aska, cikin zabira, rataye a zaure.

Kaka, da fatan kaifi bai dakushe ba. Bayan haka, labari ya iso mini cewa tun da sunana ya fito cikin maniyyatan bana kika sa aka goge miki tsatsa, har kina gaya wa ƙaho da 'yar tsaga su fara koyon kiran ki Hajiya. Gara ki ji daga bakina kafin ki ji daga bakin jami'in tsaro: ba da ke za a tafi ba. Tunda ke ce uwargidan kakana, wadda ta riga duk matansa shiga gidan nan, akwai wasa tsakaninmu, don haka zan faɗa miki gaskiya ba tare da sunkuyar da kai ba.

Ban raina matsayinki ba. Duk kan da ya kwana bakwai a duniya a unguwar nan ya san sanyin bakinki. Askin suna naki ne, kaciyar hunturu taki ce, ranar kasuwa kuma a gindin gawo ke ce mai sa dattijo ya tuɓe hula ya miƙa wuya bai ce uffan ba. Na kuma san abin da ke ruɗin ki. Lokacin da ake Hajjin ƙasa, daga nan a bi Barno, a ratsa Cadi da Darfur, a kai Omdurman, a tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, tafiyar shekaru ce, kuma aska ita ce guzurin wanzami. Duk garin da ya sauka ya shimfiɗa tabarma, kawuna za su zo, abinci zai samu. Da yawa ma a Sudan suka yada zango, jikokinsu na can har yau. Ire-irenki sun yi wannan tafiya a rataye a kafaɗa, ba wanda ya ce a buɗe zabira.

To, Kaka, jirgi ba ayari ba ne. Ranar 11 ga Satumba 2001 mutum 19 suka ƙwace jirage 4 a Amurka, kuma makamansu ƙananan wuƙaƙe ne, har da irin na yanka kwali. Tun daga ranar laifin ya shafi danginku kaf. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, da ke Montreal a Kanada, ita ke shata ƙa'idojin tsaro, kowace ƙasa ta ɗora nata a kai. A Turai, almakashi ko wuƙar da bakinta ya wuce santimita 6 ba ta shiga jakar hannu, tsirarar reza kuwa ko guntuwa ce. Ke da aka ƙera don ki raba gashi da fata ba tare da mai kai ya farka daga gyangyaɗi ba, ina za ki bi?

Bari in zana miki yadda za ta kaya. Mun baro Urafane, mun bi Tasawa, Maradi, Ƙwanni, Dogon Dutsi da Dosso, mun haɗiye sama da kilomita 700, ga mu a filin jirgin Diori Hamani na Yamai. Za a ce in tuɓe agogo, in zuba waya da makullai a wani faranti na roba, in ɗora jaka a kan bel. Jakar ta shige cikin na'ura. A allon da jami'i ke kallo, garin kuka da yaji za su fito ruwan lemo, ke kuwa ƙarfe, ki fito shuɗiya, doguwa, kin miƙe sambal ba inda za ki ɓuya. Sai ya ce, “Baba, buɗe jakar nan.” In ce masa gadon gida ce, kakana ya yi suna da ita daga nan har Mayahi. Ya ce, “Allah ya jiƙan magabata, amma ba ta shiga.” Daga nan sai kwandon da ke gefensa, cikin almakasai da wuƙaƙen fere lemo. Aikinsa ya yi, ba shi da laifi. Ni kuma da wane ido zan dubi dangi in ce na baro ki a kwandon shara?

Ba ke kaɗai ba ce, in hakan zai rage miki zafi. 'Yar autarku, reza mai baki biyu da mai tebur ke sayarwa a nannaɗe cikin takarda, ita ma an rufe mata ƙofa. Ita ce ma ta fi jawo wa tsofaffi magana, don kusan kowane dattijo yana da guda a aljihun gaba ko a naɗin hula, ta yanke farce da feƙe alƙalami, ya ma manta da ita sai na'ura ta tuna masa. Gidanta na ƙarfe, irin wanda Ba'amurke King Camp Gillette ya sami rajistarsa a 1904, shi yana wucewa, da sharaɗin a kwance shi a cire rezar a sa ta cikin babban akwati.

Wadda aka yarda da ita kai tsaye ita ce wadda kika fi rainawa: 'yar roba, irin wadda kamfanin Bic na Faransa ya fito da ita a 1975. Bakinta a kulle yake cikin roba, ba ya fita sai an fasa, shi ya sa jami'i ba ya ko ɗaga gira. Injin aski ma yana shiga, a jakar hannu ko a akwati, amma in mai batirin caji ne gara ya zauna a hannu, a tabbatar ba zai tashi da kansa ba, don jakar da ke gurnani ita kaɗai ba ta yin farin jini a filin jirgi. Mai injin kuma ya nemi mahaɗin soket, don na Saudiyya mai ƙafa uku ne irin na Ingila, namu mai ƙafa biyu irin na Faransa. Kumfar aski, tun 2006 a yawancin filayen jirgi ba a yarda ta wuce mililita 100 a jakar hannu ba. Sabulun sanda ba ruwansa da wannan doka, sai dai a zaɓi marar ƙamshi saboda harami.

Na san abin da za ki ce: “To, a sa ni a babban akwatin mana.” Nan kam doka na bayanki. In an naɗe ki da kwali an ɗaure, don kada ki yanki hannun mai bincike, za ki iya tafiya a cikin cikin jirgi tare da tabarmi da bargo. Amma in kin isa, wane aiki za ki yi? Kafin ɗaukar harami, gyaran gashin baki da hammata ne, 'yar roba ta isa. Da an ɗaura harami kuwa, gashi ya zama abin da ba a taɓawa. Wanda ya aske, fidiya ta hau kansa: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya ko tunkiya. Mata kuma ba su da buƙatarki ko kaɗan, gwargwadon gaɓar yatsa suke ragewa da almakashi.

Saura babbar rana, 10 ga Zulhajji a Mina, bayan jifa da hadaya, ranar da kike mafarki. A 2024 sama da mutum miliyan 1.8 suka yi Hajji, kin ga kawuna sai wanda ya gani. Nan ne fa aski ya zo gaban goshi. Hukumomin lafiya na Saudiyya kowace shekara suna jan kunnen alhazai: a je wurin masu aski masu izini, waɗanda ke ɓare sabuwar reza a gaban idonka su jefar da ita bayan kai ɗaya, a guji na bakin hanya, kada kuma a yi karo-karon reza. Ni kuwa na san kaina, na san mutanenmu. Da an gan ki a hannuna, 'yan tantinmu za su yi layi: “Ɗan wanzami, taimaka, don zumunci.” Wa zan hana? In aske na Tasawa, in goge ki a gefen harami, in kama na Mayahi. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jinin da ido ba ya gani, ga nau'in C, ga sida. Mutum ya sayar da gero da shanu ya je neman gafara, ya dawo da ciwon da sai bayan shekaru zai bayyana.

Kin ga bambancin ke nan. Jirgi yana tsoron ki a hannun mugu, Mina tana tsoron ki a hannun mutumin kirki, kuma tsoro na biyu ya fi damuna, don bai tsaya a Mina ba. Jinin da ke Mina shi ne a gindin gawon Urafane. Na san wanzami ba ya son jarfa, amma in kai ɗaya reza ɗaya ta zama ƙa'ida ga baƙin Allah, ban ga dalilin da jaririn kwana bakwai zai samu ƙasa da haka ba. In na dawo, duk mai suna ko kaciya a gidan nan da sabuwar reza za a yi masa. Ke kuma kaina kaɗai na bar miki, ki yi ta mulki a kai har furfura ta ƙare.

Abin da na shirya dai shi ne: 'yan roba uku, ɗaya da murfinta a jakar hannu, biyu a akwati, da guntun sabulu. Na bar sallahu a shafa miki mai a nesanta ki da yara. Kada ki sa ran haƙorin Makka a tsaraba, don aska in ta yi haƙori ta tashi aiki. In kina da ƙorafi ki kai gaban Sarkin Aska, sai dai ki sani shi ma ranar da Allah ya kira shi layin na'urar nan zai bi, zabira a gida.

Jikanki,
maniyyaci daga Urafane.