Takarda Zuwa ga Jijiyar Ƙugu

Daga wani bawan Allah mazaunin Takur a birnin Dutse, zuwa ga mai girma Jijiyar Ƙugu, wadda malaman ɗibbu na Larabawa suka sani da Irƙun Nasa. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, irin biyayyar da talaka kan yi wa mai mulkin da ba shi da ikon tuɓewa.

Amma ba'adu, ranki ya daɗe, dalilin wannan takarda shi ne abin da kika aikata mini kwanakin baya bayan an sallame sallar asuba, sa'ad da na fita motsa jiki bisa umurnin likita, wanda ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya yanke hukunci cewa muddin ban riƙa tattaki da sassarfa ba, to, in gyara wa hawan jini masauki. Na bi titi cikin sanyin safiya, duwatsun garin nan suna kallona, har na fara jin kaina saurayi, sai igiyar takalmi ta kwance, na sunkuya in ɗaure ta, kuma a cikin wannan sunkuyo atishawa ta kama ni. Wata wuta ta tashi daga ƙuguna, ta ratsa ɗuwawu, ta gangara ta bayan cinya da sharaɓa, ba ta tsaya ba sai a babban yatsa. Na maƙale a ruku'in da ba na salla ba, miƙewa ta gagara, zama ya gagara, har wasu almajirai suka tsaya suna taya ni duba ƙasa, suna tambaya ko kuɗina ne suka faɗi.

Ban jahilci matsayinki ba. Masana sun tabbatar babu jijiyar laka da ta kai ki tsawo da kauri a jikin ɗan Adam, domin saiwoyi biyar ne suka fito daga ƙasan gadon baya suka haɗu suka zama ke, sa'an nan kika rabu biyu a wajen gwiwa kika mallaki ƙafa har tafinta. Tarihinki ma ba na jiya ba ne, tun da malaman tafsiri, a bayanin aya ta 93 ta Suratu Ali Imrana, sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ciwonki ne ya sami Annabi Yaƙubu, alaihis salam, har ya haramta wa kansa naman raƙumi da nononsa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninki a cikin Alƙanun, Ibnul Ƙayyim kuma ya ambace ki a Zadul Ma'ad. Wanda sunansa ya shiga irin waɗannan littattafai, ya kamata a ce ya san adalci.

To, a nan ne da'awata take. A shekarar 1934 wasu likitoci biyu a birnin Bostan na Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana wa duniya inda yawancin wannan fitina take tasowa. Tsakanin ƙasusuwan baya Allah ya shimfiɗa faya-fayai 23 na guringuntsi, kowanne da ɓawo mai tauri da ciki mai taushi, domin su ɗauke wa ƙashi nauyi da jijjiga. Idan ɓawon ɗaya ya tsage, galibi ɗaya daga cikin biyun da ke can ƙasan ƙugu, sai cikinsa ya bulluƙo ya danne saiwarki ya kumbura ta. Ke nan laifi a gadon baya aka yi shi, mai laifi sananne ne, wurin da yake zaune ma hoton MRI yana nuna shi ƙarara. Me ya kai hukunci sharaɓa? A wace mazhaba aka taɓa jin faifai ya yi ta'adi, a tsayar da haddi a kan babban yatsa? Wannan shi ne ainihin a bar jaki a doki taiki. Ƙafar nan tawa ta hagu, wadda ta kai ni masallaci, ta kai ni kasuwar Shuwarin, ta hau da ni Garu kallon hawan salla ba tare da ta taɓa yin ƙorafi ba, ba ita ce ta shekara a lanƙwashe kan kujerar ofis ba, ba ita ce ta yi gardamar ɗaga buhun gero ita kaɗai ba, amma ita kika zaɓa kina zuba wa garwashi da rana, da dare kuma ki sagar da ita har mai ita ya taɓa ta ya ji kamar ta aro ce.

Na san hujjarki, za ki ce ke ma danne ki aka yi. Ke! Wanda aka zalunta alƙali yake kai wa ƙara, ba ya shiga gidan maƙwabci ya cinna wuta! Kuma ko fatawa ɗaya tsayayya ba ki da ita. In na zauna, ki soke ni. In na kwanta, likitoci su ce doguwar jinyar gado ƙara miki ƙarfi take yi. In na tashi motsa jiki da asuba, a ce ai faifai yakan sha ruwa cikin dare ya cika, shi ya sa mutum ya ɗan fi tsawo da safe, shi ya sa kuma sunkuyon farkon safiya ya fi haɗari. Alhali duk wanda ya san ranar Dutse ya san cewa in hantsi ya dubi ludayi, babu mai hankalin da zai yi sassarfa a cikinta.

Sauran laifuffukanki ba sai na tsawaita ba. Hawa babur ya zama azaba, tsuguno ya zama shawara, salla kuwa kin mayar da ni ƙarshen sahu kan kujera, ko da yake Risala ta yi wa majinyaci rangwamen da ke ba ki sani ba. Kin kuma tara mini likitocin majalisa: wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi ne, wani ya ce a kira wanzami ya kafa ƙaho.

Saboda haka ga sharuɗɗana, kuma ba shawararki nake nema ba. Ba zan bar motsa jiki ba. Zan yi tattaki a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kaɗan-kaɗan ina ƙarawa. Zan ajiye sassarfa da taɓa yatsun ƙafa da ɗaga ƙarfe har ki huce. In zan ɗauki abu, gwiwa zan lanƙwasa, bayana yana miƙe. Zan kuma lazimci atisayen ƙarfafa naman ciki da na baya da likitan gashin ƙashi ya koya mini, wanda ya ce in zogi ya fara janyewa daga ƙafa yana komawa ƙugu, alamar samun sauƙi ce. Ilmi ya tabbatar da cewa mafi yawan waɗanda kika kama suna warwarewa cikin makonni zuwa 'yan watanni ba tare da tiyata ba, kuma abin da ya bulluƙo ɗin sau da yawa yakan motse da kansa.

Amma in kika ƙetare iyaka, har tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa ko suka ƙi fita, ko ƙafa ta fara jan ƙasa, to, babu sauran wasiƙa: a ranar za a kai ni asibiti, ko da sai an dangana da asibitin ƙashi na Dala a Kano, a fitar da mai laifi da wuƙa. Kafin nan, ki ji tsoron Allah ki sakar mini ƙafa, ba ta ci miki komai ba.

Haza wassalam.

Naki ala tilas,
Wani majinyaci, Dutse.