Tubanmu Mu 'Yan Arewa

Mu Kiristocin Arewa ba mu da yawa, shi ya sa ba mu da asiri. Daga Dogon Dutsi ka bi ta Kore Mairuwa ka faɗa Tibiri ko Geceme, in mutum ya yi tuntuɓe ran Talata, kafin Lahadi labarinsa ya riga shi zama a benci. Duk da haka sai an ja shi an lallashe shi kafin ya buɗe baki ya faɗi abin da har yaran unguwa suka sani.

Ɗaki biyu ne mu. Ga 'yan Katolika, da mishan ɗinsu ya zauna Dogon Dutsi tun 1947, har da makarantar da 'ya'yan Musulmi da dama suka yi boko a cikinta. Ga mu kuma da muka taso a hannun Turawan mishan na SIM, muka shiga ikilisiyar EERN da aka sami mulkin kai. In an haɗu wajen biki, tsokana ba ta ƙarewa. Mu ce musu, ku kam kun huta, ku raɗa wa fada a kunne, shi kuwa bakinsa a ɗaure har kabari, ku tashi da 'yan addu'o'inku. Su ce, to ku gwada durƙusawa gaban mutumin da gobe za ku gamu da shi wajen mai nama.

Namu salon ya fi zafi, a ganina. In abu ya girma, dattawan ikilisiya su kira ka, a sa ka horo, Jibin Ubangiji ya riƙa wuce ka wata da watanni. Ranar komowa ka miƙe gaban jama'a, surukarka na zaune a layin mata tana fifita da bakin gyale, ka ce ka yi zunubi ka tuba. Ba'are, ɗan Arewa, da kunyar surukai! Wata tsohuwa ta zumuntar mata ta taɓa cewa, "Ɗana, wanda duk ya iya tsayuwar nan, ai ya biya rabi." Pasto ya ji, ya ce, "Haba Inna, ba biya ba ne, alheri ne." Ta ce, "Na ji, Pasto, amma kai ba ka taɓa tsayawa ba."

Sai dai zunubanmu na faɗi zaɓaɓɓu ne. Giya, muna faɗi, don wari ya riga ya tona. Ciki kafin aure, wannan shi ke faɗin kansa. Akwai kuma tafiyar dare wurin 'yan bori. Ƙasar Lugu da Bagaji ce nan, bori bai yi ƙaura ba, kuma kusan kowane gida na da kaka ko goggo mai sanin hanya. Zazzaɓin yaro ya ƙi sauka, sai a nemi jan zakara a akurki a rasa. In yaro ya tashi, uwa ta zo da hawaye ta roƙi gafara, a yi mata addu'a, kowa ya ce amin da ƙarfi, har da waɗanda suka raka ta.

Amma wa ya taɓa jin an miƙe an ce, ni ne na matsar da gambar iyaka taku biyu cikin gonar maƙwabci? Ko mai tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa? Ko wanda ya ci bashin hatsi a tsakiyar damina, kaka ta yi, rumbu ya cika, ya koma gaisuwa daga nesa? Muna son labarin ɗan da ya ɓace ya komo aka yanka masa maraƙi. Na Zakka, da ya yi alkawarin maida ninki huɗu ga wanda ya cuta, da sauri ake karanta shi. Maƙwabcin da aka ci wa iyakar gona kuwa sau da yawa Musulmi ne, wani lokaci uba ɗaya muke da shi, kuma ran Salla shi ke tako ƙafa har zaurenmu ya ce mu yafi juna.

Faska na tafe, ruwan shuka na bayanta. Wanda ya san da gambar nan, ya ɗauki hauya ya maida ta inda kakansa ya dasa, ya kuma biya ya faɗa wa mai gonar da bakinsa. Yana gida, bai tafi cin rani ba bana.